Haɗa pon na baya na tsohuwar Peugeot: wa ya taɓa yi da hannunsa?

Mai Bashe: Assalamu alaikum ƴan uwa. Muna son tayar da Peugeot 504 bashe, wato mai buɗaɗɗen baya ta ɗaukar kaya, ta mahaifinmu a nan Sabon Gari. Mun sauke pon na baya, wato gadar ƙarfen da ke juya tayoyin baya, saboda kukan da yake yi, mun wanke komai da gazuwal, saura haɗawa. Wanda ya taɓa aikin nan ya faɗa mana abin da ya gani.

Tsohon Makanike: Wa alaikumus salam, ɗana. Fatan dai ba ku haɗe kal ɗin wuri guda ba, wato siraran faifan ƙarfen nan da ke bayan rulma, zoben da ƙarfe ke juyawa a cikinsa. Kal ɗin ne ke tsayar da pinyon da kuron, ƙaramin faifai mai haƙora da babban da yake juyawa, inda ya dace. Ni in na kwance, na dama na ɗaure su da waya daban, na hagu daban. Kuron da pinyon kuwa tare aka goge su tun daga masana'anta, za ka ga lamba a jikinsu. Wani ya kawo mini pinyon daga wata matacciyar mota, kuron kuma nasa na da, ya ce in haɗa. Na ƙi, ya kai wani wuri aka haɗa masa. Bai kai Tanout ba haƙora suka fara zuba.

In kun zaunar da su, ku shafa shuɗin alli na makanikai a haƙoran kuron, ku juya gaba da baya, ɗaya na riƙe da shi don ya yi nauyi. Tabon ya fito a tsakiyar haƙori. In ya hau baki, pinyon ya yi nisa, a ƙara kal. In ya nutse gindi, a rage. Wasan da ke tsakanin haƙora ɗan kaɗan ne, wajen milimita 0.15 zuwa 0.20, kuma da agogon awo ake duba shi. Kunne da yatsa ba sa iya wannan.

Direban Magaria: Baba ya gama magana. Abin da ya same ni shi ne goron pinyon. A wani garaji yaro ya sa dogon bututu a kile, wato sifana, ya hau kai da ƙafa don ɗaure shi. Na fito gudron, kafin Matameye pon ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa, rulma biyu sun ƙone. Daidai shi ne pinyon ya juya da hannu da ɗan nauyi, ba ya kaɗawa, ba ya cijewa. Kuma ku saurari kukan: wanda ke zuwa in ka taka wuta daban yake da mai zuwa in ka saki. Nawa sai na saki wuta yake fitowa, ashe rulman pinyon ne suka saki.

Ɗan Birni: Tawa 404 ce, irin wadda Faransa ta fara fitarwa a 1960. Pon ɗinta wani iri ne, sukurin ƙarfe ne ke juya faifan tagulla. Mai na musamman aka yi mata, mai tushen man zurma, ba ya gauraya da na yau da kullum. Wanda ya sayar mini ya riga ya zuba mata irin na kowa, da na buɗe sai na ga garin tagulla yana ƙyalli a cikin man. Raina ya ɓaci ƙwarai, don faifan nan ba a samunsa da sauƙi yanzu. Taku 504 ba ta da wannan damuwa, man giya mai lamba 80W90 ya ishe ta.

Mai Bashe: Allah ya saka da alheri. Baba, rulman namu ba su nuna lalacewa ba, mu mayar da su?

Tsohon Makanike: Goge su ka kai hasken rana. In ka ga ɗigo-ɗigo ko launin ya koma shuɗi, jefar. Jowan kam, wato robar da ke hana mai zuba, sabo za ka sa ko yaya tsohon yake. Kayan 504 ba su yi wuya ba tukuna, tunda a da an daɗe ana haɗa ta a Kaduna, masu zuwa Kano suna kawowa.

Direban Magaria: Kada ku manta ɗan ramin numfashi da ke saman pon. Ƙurar hunturu tana toshe shi, mai ya yi zafi ya rasa hanya, ya fasa jowan ya jiƙa birki. Na ga wanda ya canza jowan sau da yawa, ashe laka ce ta daskare a ramin. In kun gama, ku yi ɗan zagaye ba kaya, ku tsaya ku taɓa ku ji zafinsa kafin ku ɗora mata buhunan gero.