Ƙuri'ar Leba kan yarjejeniyar Birtaniya da Turai: shawarwarin da aka bayar

Hirar tamu ta tsaya ne kan ranar 30 ga Disamba, 2020, lokacin da Majalisar Wakilan Birtaniya ta amince da yarjejeniyar cinikin da Firaminista na lokacin, Boris Johnson, ya ƙulla da Tarayyar Turai bayan ficewar ƙasar daga ƙungiyar, ƙuri'a 521 da 73. Tambayar ita ce: me ya kamata Leba, babbar jam'iyyar adawa a lokacin, ta yi da ƙuri'arta?

Yawancin mahalarta suka ce jam'iyyar adawa ta fara lissafi tukuna. Gwamnati na da rinjayen kujeru 80, ko Leba ta so ko ta ƙi, dokar za ta wuce. Ashe ba ƙaddarar yarjejeniyar ake yankewa ba, sunan da jam'iyya za ta kwana da shi ne. Wani dattijo ya ajiye kofin shayinsa ya ce Keir Starmer, shugaban Leba a lokacin, ya yi daidai da ya umarci mutanensa su goyi baya, tunda wa'adin rabuwa da Turai na cika washegari, kuma rabuwa babu yarjejeniya ta fi muni. Ya ƙara da cewa mazaɓun arewacin Ingila da suka kuɓuce wa Leba a zaɓen 2019 ba za su yafe wani jan ƙafa ba.

Masu son ƙaurace wa ƙuri'ar suka ce wanda ya sa hannu ba shi da bakin kuka gobe. Ni dai ban gamsu ba. Ƙauracewa kan yi kama da ɓuya.

An kuma ja kunne kan cika baki. A Girka, madugun adawa na lokacin, Mitsotakis, ya yaƙi yarjejeniyar Prespa kan sunan ƙasar Masedoniya a Janairun 2019, da ya hau mulki cikin Yuli kuwa bai soke ta ba.