Yaya ake amfani da sikelin abinci a gidan da ake ɗora tukunya ɗaya?

Uwargida daga Birni:

Assalamu alaikum, ƴan uwa. Ni mazauniyar unguwar Birni ce a nan Damagaram, shekaruna 43, kuma tun bayan haihuwata ta biyar jikina yake ƙaruwa har na kai kilo 94. A watan da ya wuce likita ya gwada ni ya ce jinina ya hau, ya rubuta mini magani, sannan ya ce in rage ƙiba idan ina son gwiwoyina su sarara. Ƙanena da ke aiki a Yamai ya aiko mini da ƙaramin sikeli mai batir wanda yake nuna nauyi da giram, amma yau kwana 10 ke nan yana ajiye ban san ta inda zan fara ba. Mu 11 ne a gidan, abincinmu tuwon hatsi da dare, shinkafa da wake da rana, sai fura a tsakani. Shin ɗanyen abinci ake aunawa ko dafaffe? Kuma ta yaya mutum zai san rabonsa alhali a tire ɗaya ake zubawa kowa ya sa hannu?

Ma'aikaciyar jinya daga Zango:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi. Awon ɗanye ya fi daidai, domin ruwan da abinci yake sha a tukunya yana ƙara masa nauyi ba tare da ya ƙara masa kalori ba, wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. Giram 100 na ɗanyar shinkafa yana ɗauke da kalori kusan 360, amma idan ta dahu ta kumbura, giram 100 nata bai wuce kalori 130 ba, saboda haka wanda ya gauraya lissafin biyu zai yi kuskure babba.

Game da tuwo, ga hanyar da nake koya wa mata kuma nake bi a gidana. Ki auna garin kafin ki yi talge, bayan kin kwashe ki ƙirga malmala. Idan kin tuƙa gari kilo 2 kuma malmala 20 ta fito, to kowace malmala tana da giram 100 na gari, wato kalori wajen 360, tun kafin miya ta hau kanta. Sau biyu ko uku kawai za ki yi wannan lissafi, muddin da mara ɗaya kike kwasa kullum. Lokacin awo ki ɗora kwanon babu komai a ciki, ki danna maɓallin da ke mayar da lamba sifili, sannan ki zuba abin da za ki auna, don kada nauyin kwanon ya shiga ciki.

Amma abin da na fi so ki fara aunawa shi ne mai, domin a nan ne yawancinmu muke cutuwa ba mu sani ba. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, alhali na hatsi ko sukari 4 ne, kuma babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120. Ki ɗora kwalbar a kan sikeli kafin ki yi miya, ki sake ɗora ta bayan kin gama, bambancin shi ne abin da ya shiga tukunya. Idan giram 250 ya tafi, kalori 2,250 ke nan, wanda idan aka raba wa mutum 11 kowa ya sami fiye da 200, ban da wanda ake kwararawa a kan shinkafa da wake. Rage rabin wannan mai zai amfani gidan gaba ɗaya, kuma miyar kuka ko ta kuɓewa da ta ji daddawa ba za ta rasa daɗinta ba.

Kada ki yi gaggawa. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne abin da masana lafiya suke ɗauka a matsayin raguwa mai aminci. Tun da kina da hawan jini, ki auna gishiri ma, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, kuma dunƙulen da muke sa wa miya yawancinsa gishiri ne. Maganin da likita ya ba ki kuwa ki ci gaba da shan sa ko da kin ga nauyi yana sauka.

Magidanci daga Sabon Gari:

Baiwar Allah, ni abin da sikeli ya nuna mini shi ne sukari. Na auna wanda nake sha a yini guda, tsakanin kunun safe da shayin da muke dafawa a majalisa bayan la'asar, sai na tarar ya kai giram 90, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada ya wuce kimanin giram 50 ga mai matsakaicin ci. Ki gwada auna sukarin da ake zuba wa furarki, ki kuma auna curin furar da kansa, domin abin sha ba ya sa mutum ya ji cewa ya ci abinci, amma jiki yana lissafa shi.

Dattijuwa daga Garin Malam:

Ƴata, na karanta shawarwarin nan kuma ban ƙi su ba, sai dai ina jiye miki abu ɗaya. A gidajenmu, wadda ta ware kwanonta ta koma gefe tana awo, nan da nan ake cewa ta raina girkin gida ko tana ƙyamar mutane, kuma irin wannan magana ce take sa mata da yawa su watsar da abin kafin wata ya cika. Ki sanar da maigida da manyan yara dalilinki, ki auna rabonki a madafa, ki kawo shi a ƙaramin kwano ki zauna kan tabarma ɗaya da kowa. Ki cika rabin kwanon da kwaɗon zogale ko kabeji da tumatir, waɗanda ba sa yankewa a kasuwar Dole lokacin sanyi, amma ki yi hankali da ƙuli-ƙuli da man da ake kwaɗawa da su. Mai juna biyu da mai shayarwa da mai ciwon sukari da ke shan magani kada su rage ci sai da iznin likita.

Uwargida daga Birni:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na gwada abin da Malama ta ce, na tarar man da ya shiga miya giram 310 ne, kuma malmala biyu da rabi nake ci ban taɓa ƙirgawa ba. Na yi magana da maigida kamar yadda Inna ta ba da shawara, ya amince a rage man zuwa giram 150 a gani ko yara za su lura. Saura fura, wadda zan auna gobe idan an dama, sai in kawo muku abin da sikelin ya nuna.