Lasisin manhajarmu zai ƙare, ta ina zan fara ciniki?

Akawun injin shinkafa, Kura: Assalamu alaikum. Kwantiraginmu na manhajar ofis da ta lissafi saura wata biyu ya ƙare. Wakilin kamfanin ya turo sabon farashi a dala, kuma mutum 45 ɗin bara ya sake lissafa mana. Alhaji ya ce in san yadda zan yi. Don Allah a taimaka da shawara.

Malam daga Haɗejia: Wa'alaikumus salam. Kada ka kira kowa tukuna. Shiga shafin mai kula da asusu ka duba wa ya buɗe nasa a wata ukun nan. Mu da muka duba, sai ga mu muna biya wa yaran da suka bar aiki tun bara. Abin ya yi mini ciwo, domin kuɗin manoma ne. Da wannan takardar za ka zauna da wakili, ba da baki kawai ba.

Hajiya, ƙungiyar adashin mata, Ringim: Ƙanina, ka raba ma'aikatan kaka da na dindindin. Idan irin tsarin Microsoft 365 ne, na wata-wata ya fi na shekara tsada da kashi 20 cikin 100, amma gara ka biya wa mai awo wata huɗu da tsada da ka biya masa goma sha biyu. Na shekara kuwa, kwana 7 kawai gare ka ka rage adadi bayan sabuntawa. Ya wuce, ya zauna.

Akawun injin shinkafa, Kura: Hajiya, wallahi ban san da zancen kwana 7 ba.

Alhaji mai ɗab'i, Gumel: Ka taɓa zuwa kara a Maigatari ranar Alhamis? Mai saniya da safe daban yake da mai saniya da la'asar. Kamfanonin manhaja ma suna da la'asar ɗinsu. Microsoft na rufe shekarar kuɗinsa 30 ga Yuni, Oracle 31 ga Mayu, SAP 31 ga Disamba. Dab da nan wakili ke neman cike adadin da aka ɗora masa, ya fi saurin sallamawa. Sannan ka nemi farashi daga dillalai uku, kowa da la'adarsa.

Malam daga Haɗejia: Na yarda da Alhaji, amma ƙaramin mai saye ba kasafai ake rage masa farashin asali ba. Inda ake samu shi ne sharuɗɗa. A kashe sabuntawar da ke yin kanta. A rubuta iyakar ƙarin baɗi. Dala kuma a rubuta canjin wace rana za a bi, ka ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Ka tambaya ko harajin VAT na kashi 7.5 na cikin farashin.

Hajiya, Ringim: Mu dai, masu rubuta mana rasit mun mayar da su wata manhajar ofis, LibreOffice, kyauta ce kuma ba ta neman intanet. Sai dai manhajar lissafi kada ka yi barazanar barinta in ba ka gwada fitar da bayananka ba.

Akawun injin shinkafa, Kura: Na gode, Allah ya saka. Yanzu na duba, mutum 29 ne suka shiga tun watan Azumi. Malam, da wane lafazi kuka rubuta sharaɗin iyakar ƙarin nan?

Malam daga Haɗejia: Bari a dawo da wuta, zan ɗauko maka hoton shafin.