Wai duk ƙusoshin da ake sayarwa a Garwa jabu ne?

Alhaji Sale, Garwa ta Kamaru: Assalamu alaikum jama'a. Na zo da kuka ne, domin abin ya kai ni bango. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini Peugeot 404 ƙirar 1972, kuma na ɗauki alkawarin ba zan bari ta ruɓe a bayan gida ba. Wata uku ke nan muna aikinta, inji ya tashi, giya ta zauna, sai ga shi ƙananan ƙusoshi masu zare, waɗanda muke kira bulon a nan, su da notinsu sun tsayar da mu cak. Motar tana cin M7 a wurare da dama, wato mai kaurin milimita 7 wanda sufana mai lamba 11 ke kamawa, amma duk shagon da na shiga sai a miƙo mini 6 ko 8 a ce in yi maneji. A wani shago na sayi M8 guda goma masu lambar ƙarfi 8.8 a ka, biyu suka karye a cikin rami tun kafin su gama ɗauruwa, muka yini muna haƙo guntayen. Ni dai na yanke cewa babu sauran kayan kirki a garin nan, duk jabu ne. Wanda ya san inda ake samun M7 ya taimaka mini.

Malam Hamadu mai kayan gyara, Garwa: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya jiƙan Baba, amma kalmar nan ta jabu ta yi nauyi, kuma ka yi mana kuɗin goro da ita. Shekarata ashirin da huɗu a wannan sana'a ban taɓa buga lamba a kan ƙarfe ba. Ƙusa aji-aji ce: akwai 4.6 da 4.8 na ƙofa da gado da kwanon rufi, akwai 8.8 da 10.9 na mota. Idan mutum ya ɗauki ta gado ya kai wa inji, bai kamata ya ce an sayar masa da jabu ba.

Isiyaku bakanike, Garwa: Malam Hamadu, da girmanka, ba ka karanta maganar Alhaji da kyau ba. Ya ce 8.8 ne a kanta. Ma'anar lambar nan sananniya ce: takwas ta farko tana nufin ƙarfen zai jure ja har nuton (ma'aunin ƙarfi) 800 a kowace murabba'in milimita kafin ya tsinke, ta biyun kuma tana nufin ba zai fara miƙewa ba sai ya kai kashi 80 cikin ɗari na wannan, wato 640. To ƙusar da aka rubuta wa haka, sannan ta murɗe a hannun yaro kamar alewar ɗinya, wane suna za a ba ta in ba jabu ba?

Malam Hamadu: Ɗana Isiyaku, a hannun yaro ko a hannun yaro da bututu? Na sha tsayawa a garejinku ina kallon yaranku suna zura bututu mai tsawon kamu biyu a jikin sufana suna tattakawa da ƙafa. M8 mai 8.8 ba ta son ɗauri ya wuce kimanin nuton-mita 25. A garejin Garwa kaf, mutum nawa ne ke da sufanar awon ɗauri?

Isiyaku bakanike: Ni ina da ita, Baba, kuma ba a garejina aka yi aikin Alhaji ba. Amma kullum haka kuke yi, in kaya ya yi kyau naku ne, in ya karye laifin bakanike ne.

Malam Yusufa, Gidar: Ina ganin sai mun daidaita a kan kalmar tukuna, domin kowa na jan ta inda ya ga dama. A Hausa jabu shi ne abin da aka ƙera don ya yi kama da na gaskiya a yaudari mai karɓa, kamar jabun kuɗi. Kaya maras inganci wanda bai yi da'awar komai ba sunansa rubabbe ko ɗan arha. Abin da aka gauraya mai kyau da maras kyau kuma algus ne, shi ne wanda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce mai yin sa ba ya cikinmu. Tun da cikin goma biyu ne kawai suka karye, ni a ganina abin da ya sami Alhaji ya fi kusa da algus.

Isiyaku bakanike: Allah ya gafarta Malam, takwas ɗin da suka rage ba a gwada su ba, tsoro ya sa aka ajiye su. Ba za a ce masu kyau ne ba.

Malam Yusufa: Haka kuma ba za a ce marasa kyau ne ba, Isiyaku, tun da ba a gwada ba.

Alhaji Mahamat, Njamena: Ku ba ni dama in sa baki, domin ni Land Rover nake riƙewa, Series III ta 1974, kuma na sha wuyar da ta fi ta Alhaji Sale. Rabin abin da mutane ke kira jabu zare ne da bai dace ba. Motar Ingila ta wancan zamani inci take bi, kuma a jikin mota ɗaya za ka tarar da tsarin zare iri-iri, wanda ake kira UNF a nan, wanda ake kira BSF a can. Ƙusa mai inci 5/16 kaurinta milimita 7.94 ne, ido ba ya raba ta da M8, amma ta UNF tana da zare 24 a inci guda, ta BSF tana da 22, ita kuwa M8 tazarar zarenta milimita 1.25 ce. Har kusurwar zaren ta bambanta, domin tsohon tsarin Ingila na Whitworth da BSF digiri 55 ne, na mita da UNF digiri 60. Sai noti ya hau zagaye biyu ko uku lafiya lau, sannan ya cije, yaro ya ƙara ƙarfi, zare ya cinye, a ce ɗan kasuwa ya cuci mutane. Na taɓa tsallaka gada zuwa Kusuri na yi wa wani mai shago faɗa a kan haka, daga baya na koma na ba shi haƙuri.

Alhaji Sale: Alhaji Mahamat, na gode, amma tawa ta Faransa ce, mita take bi daga gaba har baya. Maganar inci ba ta shafe ni ba.

Alhaji Mahamat: Ta shafe ka ta wata fuska, ɗan'uwa, domin ko a mita ba zare ɗaya ba ne. M10 ta gama-gari tazararta 1.5, amma motocin Japan da suka cika kasuwa yanzu sun fi amfani da 1.25, kan ƙusar kuma sufana 14 maimakon 17. Mai shago yana sayo abin da Toyota ke ci ne, don ita ke kawo masa ciniki. Kuma ka yi haƙuri, M7 ɗin nan rigimar Faransawa ce, su suka cika son ta a Peugeot da Citroën da Renault.

Garba direba, Marwa: Alhaji, mai motar da ke cin zare iri uku a jiki ɗaya bai kamata ya kira wani mai rigima ba. Peugeot ce ta yi wa ƙasar nan bauta. Na yi shekara goma sha ɗaya ina jan 504 tsakanin Marwa da Mora da Kusuri tun hanyar tana cin mota, ban taɓa kwana a daji saboda ƙusa ba. Kuma tawa haɗin Kaduna ce, wadda wasu ke rainawa suna cewa ba ta asali ba ce, alhali Faransa ta daina yin 504 ƙaramar a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba da haɗa ta har bayan shekara ta 2000.

Malam Hamadu: To ka ji, Alhaji Sale. Ko motar Kaduna akwai masu ce mata jabu, alhali kamfanin da kansa ya ba da izinin haɗa ta tun 1975. Kalmar ta zama abin jifa kawai.

Garba direba: Ban ce an ce mata jabu ba, Malam, na ce ana cewa ba ta asali ba ce. Kada ka ara bakina ka ci albasa.

Isiyaku bakanike: Ni abin da nake yi wa masu tsofaffin motoci shi ne in je wurin 'yan gwangwan kafin su sare mota su ɗora a sikeli, in kwance ƙusoshin da hannuna, in jiƙa su a gas, in goge da burushin waya. Ƙusar da ta fito daga jikin 404 ko 504 ita ce ta asali, ba wanda zai yi musu.

Malam Hamadu: Ƙusar da ta shekara hamsin tana shan zafi da tsatsa ita ce za ka ɗaura wa mutum a birki ko sitiyari? Ta kan inji ma, in ta riga ta miƙe, ido ba ya gani. In ta tsinke a gangaren Ngaundere wa za a kama? Wannan ya fi jabun da kuke faɗa haɗari.

Alhaji Mahamat: Haka masu sayen farar ƙusa maras tsatsa don kwalliya. Wadda aka rubuta wa A2-70 ƙarfinta 700 ne, bai kai na 8.8 ba, amma ba mai kiran ta jabu saboda tana ƙyalli.

Alhaji Bello, shugaban zaure kuma mai shagon kayan ƙarfe: Jama'a, dare ya yi, bari in tattara. Abin da na fahimta daga bayanan masana, musamman Malam Hamadu da Alhaji Mahamat, shi ne yawancin ƙusoshin da ke karyewa ɗaurin ganganci ne ko zaren da bai dace ba ke karya su, kuma Malam Yusufa ya nuna mana cewa kalmar jabu ba ta hau kan wannan lamari ba. Kwashe tsofaffin ƙusoshi daga wurin 'yan gwangwan kuwa an bayyana haɗarinsa. 'Yan kasuwar Garwa ba su da masana'anta, abin da aka sauke a Duwala ko aka kawo daga Kano ta Yola shi suke sayarwa, don haka ina roƙon Alhaji Sale ya janye kalmar, masu gareji kuma su sayi sufanar awo.

Malam Yusufa: Ranka ya daɗe, ni algus na ce, ban wanke kowa ba.

Alhaji Sale: Shugaba, ba zan janye ba sai an gwada takwas ɗin nan a gaban shaidu da sufanar Isiyaku, ranar Asabar bayan la'asar, kuma Malam Hamadu ya zo da kansa. Isiyaku, in ka ji labarin 404 ko 504 da za a sare, ka kira ni kafin a taɓa ta, guda goma sha shida nake nema na M7, har da notinsu.