Takarda ta ce awa 20, aikin kuma ya kusa ninka haka: ya zan yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekara ta biyu a karatun digirin digirgir, ni ce kuma mataimakiyar malami a wani kwas na 'yan aji ɗaya. Takardar da na sa wa hannu ta ce awa 20 a mako, kuɗin da ake ba ni ma na awa 20 ɗin ne. Amma bayan shiga aji, ni ke duba takardun ɗalibai sama da 100, ni ke amsa saƙonninsu har tsakar dare. Jiya da asuba na farka da jan biro a hannu, kaina a kan tulin takardu. Wata biyu ke nan ban taɓa nawa binciken ba. Abin da ya ɗaure ni shi ne, mai kwas ɗin shi ne mai duba bincikena. In yi magana ko in yi shiru?

Wani tsohon mataimaki: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki je wurinsa da "na gaji" kawai. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta komai har mako uku: shirin darasi, duba takardu, ganawa da ɗalibai, kowanne da awanninsa. Sai ki kai masa cikin ladabi, ki ce wanne za a rage. Sau da yawa malamin bai san yadda duba takarda ke cin lokaci ba, ya daɗe da barinsa.

Wani malami: Malama, a yi haƙuri. Koyon aiki ne, mu ma haka muka taso. In an ɗauke miki kuɗin makaranta, ai shi ma biya ne.

Wata 'yar uwa: Malam, da girmanka, ɗauke kuɗin makaranta ba ya biyan haya. Wannan magana ta "ɗalibi ne ba ma'aikaci ba" an kai ta gaban hukuma a Amurka. A 2016, a ƙarar da ta shafi Jami'ar Kolombiya, hukumar kula da alaƙar ma'aikata ta yanke cewa ɗaliban da ke koyarwa a jami'o'i masu zaman kansu ma'aikata ne, suna da 'yancin kafa ƙungiya. A ƙarshen 2022 kuma kimanin ma'aikata 48,000 na Jami'ar Kalifoniya, mataimaka da masu bincike, suka yi yajin aiki kusan mako shida, sai da aka ƙara musu albashi. Ba cewa nake ki tafi yaji ba, 'yar uwa. Amma kada ki tunkari mai riƙe da digirinki ke kaɗai. Ki haɗa sauran mataimakan sashenku, kowa ya rubuta nasa awannin, ku kai wa shugaban sashe a takarda ɗaya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Mu shida ne a sashen, biyu sun riga sun amince. Yau na fara rubutawa, tun kafin la'asar na cika awa bakwai.