Jaririya ta shiɗe ta farfaɗo: mu sallame ta ko mu tura ta gaba?

Likitocin yara, don Allah ku ba ni shawara. Ni ma'aikaciyar jinya ce a asibitin karkara. An kawo jaririya 'yar wata 3, uwar ta ce jikinta ya saki, leɓɓanta suka yi shuɗi, amma kafin minti ɗaya ta dawo garau. Ba zazzaɓi, ba tari, ba bakwaini ba ce, kuma karon farko ke nan.

Ƙa'idar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta 2016 ta ce haɗarin irin wannan kaɗan ne, ana iya sa mata ido na awa 1 zuwa 4 da na'urar auna oksijin. To tamu ta lalace, ƙauyensu kuma da nisa. Kakar ta dage iska ce, a tafi gida. Mu kwana da ita, ko mu tura babban asibiti?