Silindar gas mai kilo 12.5 ta ƙare mana cikin kwana 12 a Jos: tauye mudu ne ko aikin sanyi?

Maman Khalil

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna girki da gas, musamman mazauna garuruwan da sanyi ke tsananta. Mu shida ne a gida, ni da maigida da yara huɗu, kuma a watan Satumba aka yi masa canjin wurin aiki daga Kano zuwa Jos. Lokacin da muke Kano, silindarmu mai kilo 12.5 takan yi mana mako biyar cif, har na saba saka kuɗin cikonta a lissafin cefane ba tare da wata damuwa ba. To, tun da hunturu ya kama a nan, al'amarin ya sauya. Wadda aka cika ranar 3 ga Disamba ta ƙare ranar 15, ina tsakiyar tuƙa tuwo, sai da na ƙarasa a kan gawayin maƙwabciyata.

Abin da ya ƙaru a gidan biyu ne. Kullum da asuba nakan tafasa babbar tukunyar ruwa mai cin lita 10 har sau biyu saboda wankan yara kafin makaranta. Sannan maigidan ya sayo hitar gas mai ido uku ta dumama ɗaki, wadda yakan cire silindar daga murhu ya jona mata bayan sallar isha'i, mu kunna ido biyu na kamar awa biyu a falo. Shin waɗannan sun isa su cinye gas ɗin mako uku, ko kuwa ba a cika mana daidai ne? Ba na son in yi wa bawan Allah mummunan zato, amma hankalina bai kwanta ba.

Baban Zahra, Zariya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Bayanin da kika yi ya isa a yi lissafi da shi, kuma ina ganin lissafin zai kwantar miki da hankali. Matsalar da yawancinmu ke samu ita ce muna ƙirga kwanaki, alhali gas bai san kwana ba, awannin da wuta ta yi tana ci da kuma girman harshenta kawai ya sani.

Ki fara da Kano. Kilo 12.5 giram 12,500 ne, idan aka raba shi gida 35, wato kwanakin mako biyar, za a samu kusan giram 360 a kowace rana. Wannan shi ne cin girkinki na yau da kullum, kuma ya dace da abin da aka sani, domin matsakaicin idon murhu mai ƙarfin kilowat 2 yakan ci wajen giram 140 zuwa 150 a awa idan an buɗe shi sosai. Ke nan kamar wutar awa biyu da rabi kike yi a yini.

Sai ruwan wanka. Ruwa yana daga cikin abubuwan da suka fi shan zafi kafin su yi ɗumi, kuma kusan rabin zafin murhu yakan bi gefen tukunya ya tafi a iska. Kafin lita 10 na ruwan asubar Jos, wanda ya kwana a sanyi, ya tafasa, sai ya ci kimanin giram 150. Sau biyu ke nan giram 300, wato ruwan wanka kaɗai ya kusa kamo girkin yini guda.

Amma babban mai cin shi ne hitar nan. Irin mai ido uku yawanci ƙarfinta kilowat 4.2 ne, kuma idan kika duba takardar da ke manne a bayanta za ki ga an rubuta wajen giram 300 a awa idan duk idanun suna ci, wato kowane ido giram 100. Ido biyu na awa biyu giram 400 ke nan. Ki haɗa 360 da 300 da 400, ya zama giram 1,060 a rana. Ki raba 12,500 da wannan, zai ba ki kwana 12 saura kaɗan. Kin ga ashe abin da ya faru a gidanki shi ne ainihin abin da lissafi ya nuna, don haka ni ban ga alamar tauye mudu a nan ba.

Maman Biyu, Bukuru

'Yar'uwa, barka da zuwa Filato, Allah Ya sa ku zauna lafiya. Lissafin Baban Zahra ya yi kyau, sai dai ba zan ce ki ajiye zatonki gaba ɗaya ba, domin ni an taɓa tauye mini. Shekaru uku da suka wuce na lura gas ɗina na ƙarewa da wuri, sai na sayi ɗan sikelin nan na auna nauyin mutum. A jikin kowace silinda, wajen marfi ko hannun ɗauka, akwai inda aka buga nauyinta idan babu komai a ciki, yawanci da haruffan TW a gaba. Tawa 13.2 ce, don haka in an cika ta ya kamata ta kai 25.7. Da na ɗora ta sai na ga 24.2, kilo ɗaya da rabi sun tafi. Tun daga ranar nake zuwa da kaina in tsaya a gaban ma'auni, kafin ciko da bayansa, kuma na sauya wurin saye.

Wannan sikelin zai yi miki wani amfani da ya fi wannan. Ki auna silindar da asuba kafin ki kunna komai, ki sake aunawa washegari a daidai lokacin, bambancin shi ne cin gidanki na yini, ba na gidan wani ba.

Game da girki kuwa, akwai abin da ba a faɗa wa baƙo. Jos tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, shi ya sa ruwa ke tafasa tun yana wajen digiri 96, bai kai zafin 100 ba. Wake da ganda da kan saniya sukan ɗauki lokaci fiye da yadda kika saba. Ni nakan jiƙa wake tun da dare, kuma ba na ɗora tukunya babu murfi. Da zarar abu ya tafasa nakan rage wuta, domin ƙara wuta ba ya ƙara wa tafasasshen ruwa zafi, tururi kawai yake ƙarawa. Ruwan wanka ma ba sai ya yi ta ɓararraka ba. Da ya fara kuka a ƙasan tukunya ki sauke ki sirka. Idan harshen wuta yana lasar gefen tukunya har yana leƙowa, to wannan da ya leƙo asara ce.

Malam Mai Gas

Hajiya, sana'ata ke nan shekara da shekaru, kuma ina goyon bayan a tsaya a ga awo. Wanda yake cikawa tsakani da Allah ba ya jin haushin a duba ma'auninsa. Sai dai akwai ƙorafin da muke sha a hunturu wanda ba laifin kowa ba ne. Gas ɗin da ke cikin silinda ruwa-ruwa ne, sai ya zama iska kafin ya hau tiyo. Gauraye ne na butan da furofen, kuma shi butan yana daina zama iska idan sanyi ya kai wajen digiri sifili. Jos ba ta kai nan ba, amma idan silinda ta yi ƙasa, ga sanyin asuba, ga hita tana ja da ƙarfi, sai jikinta ya ƙara sanyi, wutar ta yi rauni, mutum ya ɗauka ta ƙare alhali akwai saura. Ki lura da kyau, za ki ga raɓa ta kwanta a jikinta daga ƙasa zuwa wani wuri, inda raɓar ta tsaya nan gas ɗin ya tsaya. Agogon da ake sakawa a regileta, wato na'urar da ke haɗa bakin silinda da tiyo, ba ya nuna wannan, matsin iska yake aunawa, kuma matsin ba ya sauka sosai sai ruwan ya kusa ƙarewa.

Ina roƙon ki don Allah, kada a kwantar da silinda ko a jijjiga ta, kada kuma a kusantar da ita ga garwashi wai don ta yi ɗumi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a bayaninki shi ne cirewa da jonawa kowane dare. Ɗan zoben robar da ke bakin silinda yana gajiya, bakin tiyo yana saki, ƙaramin yoyo kuma yana cin gas dare da rana ba tare da an kunna komai ba. Ki kaɗa kumfar sabulu ki shafa a bakin regileta da duk inda tiyo ya haɗu da ƙarfe. In kika ga kumfar tana kumbura tana fashewa, akwai yoyo. Kada a gwada da ashana. Sannan hitar nan iskar ɗakin take ci. A bar taga a ɗan buɗe, kada a yi barci tana kunne, kuma in wutarta ta koma ruwan ɗorawa ko wani ya fara jin ciwon kai da jiri, a kashe a fita waje nan take, domin gubar da take fitarwa a irin wannan hali ba ta da launi, ba ta da wari.

Maman Khalil

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri. Na yi shiru kwana biyu ne don in gwada abin da kuka faɗa. Nauyin da aka buga a jikin silindarmu 13.6 ne, kuma da aka ciko ta sikeli ya nuna 26.0, saboda haka mai gas ɗinmu ya fita daga zargi, har na ji nauyin abin da na raya a kansa. Ranar farko, da girki da ruwan wanka da hita, kilo 1.1 ya tafi. Rana ta biyu ba mu kunna hita ba, sai giram 700. Kumfar sabulu kuma ta nuna ɗan yoyo a inda tiyo ya shiga regileta, maigida ya yanke bakin ya ɗaure da sabon maɗauri.

Mun yanke shawarar saya wa hitar tata silindar mai kilo 6, ta zauna a jone. Baban Zahra, bisa lissafinka na giram 200 a awa, na ga za ta yi awa 30, wato dare 15. Idan na yi kuskure a gyara mini kafin mu je kasuwa ranar Asabar.